Akwatin da Baba Sifana Ya Ƙera wa Kwamfuta

Shekara talatin da takwas Baba Sifana ya yi yana gyaran mota, kuma duk wanda ya taɓa kai masa aiki ya san da kunne yake gano ciwon inji. Sai ya ce a tayar da mota, ya ɗauko doguwar sukundirebarsa, ya ɗora tsininta a jikin ƙarfe, ya manna mariƙin a kunnensa, ya lumshe ido. Kafin mai mota ya gama kora bayani, shi ya riga ya faɗa masa inda matsalar take. Sunan ma a gareji ya samo shi, don ba a taɓa ganin aljihunsa na baya babu sifana ba.

Da gwiwa ta fara damunsa ya miƙa garejin ga abokin aikinsa ya dawo gida, sai kayan gida suka shiga uku. Mutumin da ya saba kwance inji kullum ba zai ga abu da noti a jiki ya wuce shi salin-alin ba. Da agogon bango ya fara, lafiyayye, yana tafiyarsa bai tsokani kowa ba. Da ya mayar da shi sai ga noti biyu sun yi saura a tafin hannunsa, kuma tun daga ranar agogon yake gaba da kowa da minti ashirin. Daga nan ya koma kan dutsen guga, sannan rediyo. Rediyon dai har yau bai sake cewa uffan ba.

Shi ya sa ranar da Auta, 'yarsu ta ƙarshe da ke aikin ofis a cikin gari, ta kawo wa mahaifiyarta kwamfuta, tun kafin ta sauke ta daga mota ta kafa doka.

"Baba, don girman Allah, wannan ban da ita."

"Ni na ce zan taɓa?"

"Bakinka bai ce ba, amma ina kallon idonka."

Kwamfutar irin ta kan tebur ce: allo a sama, injinta kuma, wani baƙin abu mai tsawo, a ƙasa kusa da ƙafa. Ta Malama ce, matarsa, wadda ta yi shekara talatin tana koyar da 'yan aji biyu. Duk tsawon shekarun nan, idan yara suka fara hamma, sai ta rufe littafi ta ƙirƙiro musu labari daga kanta. Da ta yi ritaya ta ce sai ta tattara guda arba'in daga ciki sun zama littafi. Biro yana sa mata ciwon wuyan hannu, don haka babu ko layi ɗaya a takarda, daga kanta sai cikin kwamfuta. Da yatsa biyu take bugawa, tabarau a kan hanci, tana neman harafi ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci tana yi wa kanta dariya ita kaɗai. A haka ta kwashe shekara biyu.

Baba Sifana ya kiyaye doka, amma zama ya gagare shi. An hana shi shiga cikinta, to ai ba a hana shi yi mata gida ba. Wata huɗu da suka wuce ya sayo katako, ya yi kwana biyar a tsakar gida yana aunawa yana yankawa, ya ƙera wa injin kwamfutar akwati daidai jikinta. Ya yi masa ƙyaure, ya bi gefe-gefen da soso yadda ko ƙwayar ƙura ba za ta sami hanya ba. Ramin da wayoyi ke fita ta baya ma sai da ya toshe shi da robar taya. Ya shafa masa fenti ruwan ƙasa mai sheƙi. Gaskiya akwatin ya yi kyau, ba a hana shi wannan. Duk baƙon da ya shigo, kafin a kawo masa ruwa sai an kai shi ya ga akwati. Idan kuwa ya shigo falo ya tarar da ƙyauren a buɗe, abu ɗaya yake faɗa:

"Malama, rufe ƙofar nan. Ƙura ce ke kashe inji."

Ita kuma sai ta miƙa ƙafa ta tura ƙyauren.

A al'adarsa, kowace safiya yakan hau babur ya tafi tsohon garejinsa ya zauna a benci yana gyara wa mutane aikin da ba su tambaye shi ba, sai la'asar ya dawo. Amma a wannan makon gwiwar ta kumbura, likita ya ce ya zauna a gida. Ya zauna kuwa, a falo, ƙafa a kan matashi, yana fuskantar teburin Malama tun safe har yamma. A makon ne kuma kwamfuta ta fara wani sabon hali. Malama tana cikin bugawa sai allo ya yi baƙi ƙirin, babu sallama. Ranar Litinin sau ɗaya ta yi. Ranar Laraba sau uku. Ranar Alhamis ta tafi da rabin labari na talatin da takwas, wanda Malama ta yi safiya guda tana gyara shi.

Ga shi mutanen maɗaba'a sun ce Litinin mai zuwa za a kai musu littafin. Idan ta wuce, sai bayan wata huɗu, don za su shiga wani babban aiki. Malama kuwa burinta ta kai littafin tsohuwar makarantarta da hannunta a farkon zango.

Baba Sifana ya shiga neman mai laifi, kuma ya samu da yawa. Ya zargi masu wutar lantarki. Ya zargi soket ɗin bango. Ya ce kayan zamani duk kwali ne. Har Auta bai ƙyale ba, ya ce wa ya sani ko tsohuwa aka yi wa fenti aka sayar mata. Malama dai tana jinsa.

Ranar Juma'a da hantsi kwamfutar ko minti goma ba ta yi ba ta mutu. Malama ta danna, kwamfutar ta tashi, ta sake mutuwa. Sai ta cire tabarau ta ajiye a hankali, ta tashi ta shiga kicin. Can ya ji ƙarar kwanuka. Ya san kwanukan nan, da idonsa ya ga ta wanke su da safe. Ya dogara sanda ya bi ta ya tsaya a bakin ƙofa.

"Malama, labaran nan, akwai su a wani wuri ban da cikinta?"

Ba ta juyo ba. "Babu."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya, Baban Auta."

Ya ga motoci sun ƙone a gabansa bai ji irin wannan tsoron ba. Shekara biyu na matarsa suna cikin abin da ke suma kowane minti goma, kuma shi da ake kira daga wani gari ya zo ya saurari inji, yana zaune yana kallo kamar baƙo. Ya ɗauki waya ya kira Auta ya ce gobe da sassafe yana son ganinta.

Asabar da safe Auta ta iso da jakarta. Ta kunna, ta duba nan, ta duba can, ta ce ita dai ba ta ga wata cuta a ciki ba, wataƙila sai an kai wa masu gyara ranar Litinin.

"Litinin ɗin da ake jiran littafi?" in ji shi. Ya gyara tsayuwa. "Auta, ba zan kwance ba. Wallahi ba zan kwance ba. Saurare kawai zan yi."

Auta ta kalli mahaifiyarta. Malama ta ce, "Bar shi ya saurara."

Sukundirebar tana aljihun rigarsa tun asuba, don haka ba a jira an nemo ta ba. Ya durƙusa da ƙyar a kan gwiwa mai lafiya, ya jawo ƙyauren akwatin. Wani zafi ya bugi fuskarsa, irin wanda ke fitowa idan an buɗe murfin motar da ta yi doguwar tafiya. Ya ɗan tsaya. Sannan ya ɗora tsinin sukundireba a jikin injin, ya manna kunne, ya rufe ido.

Fanka ce a ciki take gudu iya ƙarfinta, tana kuka, tana neman iskar da babu. Ya san wannan kukan. Sau dubu ya ji shi a motocin da lagiretonsu ya toshe. Ya buɗe ido ya kalli soson da ya bi gefe-gefen da shi, ya kalli robar tayar da ya cusa a ramin baya da hannunsa, har da dannawa da babban yatsa don ta zauna sosai. Mai laifin da ya yi mako guda yana nema, ashe tare suke kwana suke tashi.

Amma bai faɗa ba tukuna. Ya yi gyaran murya.

"Zafi ne. Ba mutuwa take ba, kashe kanta take kafin ta ƙone. Kashe ta ta huce. Auta, jawo fankar can ta tsaye ki saita ta nan."

"To sai mu buɗe mu gani?" in ji Auta.

"A'a! Ke a ina kika taɓa ganin an shiga ƙarƙashin mota da fasinja a ciki? A fara sauke mutane da kayansu. Babu yadda za a fito da labaran nan a ajiye su a gefe?"

Auta ta buɗe baki tana kallonsa, sai ta fashe da dariya. "Baba, abin da ake ta koya mana ke nan a ofis, mu ma ba ma yi."

Ta zazzage jakarta ta fito da filash, ɗan abu kamar yatsa. Suka jawo injin daga cikin akwati suka ajiye shi a fili, fanka tana kaɗa masa iska. Da ya huce suka kunna. Auta ta soka filash ɗin, ta ja labaran gaba ɗaya, wani koren layi ya fara rarrafe a allo. Malama ta riƙe bakin mayafinta da hannu biyu. Baba Sifana ya ɗora tafinsa a jikin injin yana jin ɗuminsa yana ƙaruwa, yana ce masa a hankali, "Daure, daure, saura kaɗan," kamar yadda yake lallashin tsohuwar mota a kan tudu.

Layin ya kai ƙarshe. Auta ta buɗe ta ƙirga: talatin da bakwai cif, da rabin na talatin da takwas.

Malama ta zauna a ƙasa daɓas tana hamdala, tana dariya, hawaye na zuba. Shi kuwa ya ce a ƙara wani wurin, shi bai yarda da tafiya da tayar safaya ɗaya ba. Auta ta tura kwafi zuwa imel ɗin Malama da nata, ta kuma nuna mata yadda za ta riƙa yi da kanta duk ranar da ta yi rubutu. Sai da Malama ta yi sau biyu a gabansu suka ƙyale ta.

"Yanzu," in ji Auta, tana miƙa masa sukundirebarsa, "an sauke fasinja. Bismillah, amma ina tsaye a kanka."

Kai, da ka ga fuskar dattijon nan! Ya manta da gwiwa, ya manta da sanda. Ya sa aka zare waya daga bango, don shi bai taɓa kwance inji da batir a haɗe ba. Auta ta ce ya dafa ƙarfen taga kafin ya sa hannu a ciki, saboda 'yar wutar da jiki ke tarawa tana iya lalata ƙananan kayan. Ya dafa, har sau biyu. Suka fito da injin tsakar gida suka ɗora a tabarma. Malama ta kawo kiret ɗin ƙwai ta ajiye kusa da shi.

"Na me?"

"Kowane noti da raminsa. Na tuna da agogo."

Da aka zare murfin gefe, su uku suka leƙa. Ƙurar shekara biyu ta taru a jikin fanka da ramukan iska ta zama kamar bargo. Tun kafin akwati ma numfashin da ƙyar take yi, akwatin ya zo ya ƙarasa toshe mata hanci. Baba Sifana ya shiga ɗakin ajiya ya fito da gwangwanin baƙin mai a hannu ɗaya, famfon taya a ɗayan.

"Baba! Ina za ka da mai?"

"Ɗigo ɗaya a fanka."

"Ko rabin ɗigo. Ba mota ba ce."

"To ruwa fa? Da ɗan tsumma?"

"Mama, zo ki riƙe mijinki."

Ya mayar da man yana gunaguni, ya ce duk injin da ba ya shan mai bai cika inji ba. Famfon dai an yarda da shi, da sharaɗin a hankali kuma daga nesa. Malama ta ba da wani sabon buroshin fenti mai laushi. Yana sharewa, Auta tana hurawa, ƙura tana tashi suna atishawa. Da iska ta bugi fankar ta fara juyawa da gudu, shi da kansa ya sa yatsa ya tare ta, ya ce ba a barin fanka ta yi gudun da ba nata ba, boris ɗin da take juyawa a kai zai lalace. Auta ta ce wannan ma haka yake a littafi. Ya ce shi bai karanta littafin ba, amma da alama mai hankali ne ya rubuta.

Tana hurawa tana yi wa mahaifiyarta nasiha. In kwamfuta ta nemi a sabunta ta, a bar ta ta yi, a daina danna mata "anjima". Baba ya ce wato sabis, kuma duk mai gudun sabis zai haɗu da shi a gareji. In saƙo ya zo yana cewa kin ci kyauta, kada ki taɓa shi. In za a tashi, a kashe ta yadda ya kamata, ban da fizge waya. A sa mata sitabilaiza saboda wutar da ke zuwa da ƙarfi. Kofin shayi kuma ya koma kan wani teburin daban.

"Wannan da ke ake," in ji Baba Sifana.

"Kofin waye na ɗauke jiya daga kan allon bugawa?" in ji Malama.

Ya ci gaba da shara kamar bai ji ba.

Aka mayar da murfi. Ya ɗaure noti ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga kiret ɗin ƙwai ya kife shi a gabansu, babu abin da ya faɗo. Auta ta tafa masa. Aka kai injin falo aka ajiye shi a fili kusa da tebur, aka kunna. Ya sake ɗora sukundireba ya saurara. Fankar tana juyawa a natse, da ƙyar ma ake jin ta.

Akwatin yana gefe, ƙyaure a buɗe, fentinsa na sheƙi. Baba Sifana ya daɗe yana kallonsa. Auta ta shiga wanke hannu, ya rage daga shi sai matarsa. Ya zauna a hannun kujera, ya sunkuyar da kai.

"Malama, ba masu wuta ba ne. Ba Auta ba ce. Akwatina ne. Ni da na yi shekara talatin da takwas ina yi wa direbobi faɗa a kan iska, ni na toshe ta. Saura ƙiris in ƙone miki littafi."

Malama tana goge tabarau da bakin mayafi. Ta ce, "Na sani."

Ya ɗago. "Kin san me?"

"Tun watan farko na lura. In ƙyauren yana buɗe, sai in wuni ina aiki lafiya lau. In na rufe, sai ta fara wannan kukan. To da ka fita sai in buɗe, in na ji ƙarar babur ɗinka a bakin ƙofa sai in tura shi da ƙafa. Wannan makon ne ka zauna mini a ka, na rasa yadda zan yi."

Ya kalle ta, bakinsa a buɗe.

"Wata huɗu? Me ya hana ki faɗa mini?"

"Tun da ka bar gareji ban ƙara jin kana fito ba, sai kwana biyar ɗin da ka yi kana ƙera shi. Ina kicin ina jinka. Sai in zo in ce maka bai yi ba?"

"Aikin shekara biyu, Malama. Saboda katako?"

"Wa ya ce maka saboda katako ne?"

Ta mayar da tabarau ta juya ga allo, kamar ba ta faɗi komai ba. Shi kuwa kunya da daɗi suka haɗu suka cika masa ƙirji har ya rasa inda zai sa kansa. Shekara arba'in suna tare, ya ɗauka ya gama sanin matar nan. Ya tashi ya ɗauki akwatin ya fita da shi tsakar gida. Auta ta fito ta same shi da zarto a hannu, idanunsa jajir.

"Baba, lafiya?"

"Ƙurar ɗazu ce. Riƙe mini nan."

Ya cire ƙyauren, ya ɓare soson, ya zare robar taya, ya yanke bayan gaba ɗaya, ya buɗe manyan tagogi a gefe biyu. Abin da ya rage bai wuce ɗan dandamali mai rufi ba, wanda zai ɗaga injin daga ƙasa iska ta shiga ta ko'ina. Malama ta leƙo ta taga ta ce ya ma fi da kyau. Ya ce ta daina lallashinsa, ya gane ta yanzu.

A ranar Malama ta yi awa biyar tana bugawa, allo bai ko ƙifta ba. Lahadi da la'asar ta kai ƙarshen labari na arba'in, ta adana, ta sa a filash, ta tura imel, duk da hannunta, sannan ta jingina da kujera ta ce, "Baban Auta, na gama."

Litinin da safe ya sa rigarsa mafi kyau, ya ce gwiwa ta warke, ko likita ya yarda ko bai yarda ba. Ya sa filash ɗin a aljihun gaba ya maƙale shi da fil, suka shiga motar haya tare, hannunsa a kan aljihun har suka sauka. A maɗaba'a akwai layi. Da aka zo kansu ya miƙa, ma'aikacin ya karɓa yana rubutu, ya tambaye shi ko shi ne marubucin.

"A'a," in ji Baba Sifana, ya matsa gefe don a gan ta sosai. "Ga marubuciyar nan. Ni mijinta ne."

Da ƙarfi ya faɗa, har na ƙarshen layi suka juyo.